Zakaran Gwajin Iska

"Zakara, nawa za mu ɗaura?"

Fiye da shekara talatin ana yi wa Orest Palamar wannan tambayar a gaɓar gabas ta Tafkin Winnipeg, kuma har yau kunnensa bai ƙoshi da ita ba. Direban motar 'yan makaranta ne. Daga Litinin zuwa Juma'a yana fama da 'ya'yan mutane, wannan ya yi amai, wancan ya manta jaka, wata ta ciji ƙaninta, kuma a duk tsawon hanyar babu mai neman shawararsa a kan komai. Amma ranar Asabar, daga narkewar ƙanƙara har zuwa lokacin da agwagin daji za su fara ƙaura kudu, Orest mutum ne da ake jira.

Masu hawa ruwa a kan allo, iska na tura su da filafilin zane, matsalarsu ɗaya ce. Kowa yana zuwa da filafilai uku ko huɗu a naɗe a bayan mota, kowanne da lambarsa a jiki gwargwadon faɗinsa. Iska in ta yi sanyin jiki, sai babba, shida ko bakwai. In ta fusata, sai ƙarami. Ka ɗaura ƙarami a iska mai rauni, ka wuni a tsaye a kan allo kamar turke. Ka ɗaura babba a iska mai ƙarfi, filafilin ya fizge ka sama ya maka da ruwa. Ga shi ɗaurin kansa aiki ne: a zura sanda, a ja igiya har jijiyar wuya ta fito, a daidaita mariƙin hannu, duk da yatsun da sanyi ya ƙandare. Babu mai son ya yi sau biyu. Shi ya sa tun farko mutanen gaɓar suka yi al'ada. Mutum ɗaya zai fara shiga, ya je ya dawo, ya tsaya a ruwa iya gwiwa ya ɗaga yatsu. Abin da ya ɗaga shi ake ɗaurawa. Zakaran gwajin dafi ke nan. A wasu wuraren wanda aka raina ake turawa. Orest ya karɓa tun yana da gashi, ya riƙe gam, ya mai da abin sarauta, har sunan ya bi shi cikin gari. Mai sayar da man fetur ma Zakara yake ce masa.

Doka ɗaya yake da ita, duk wanda ya koya a hannunsa ya haddace ta. "Duk sanda ka juya, dubi arewa maso yamma." Tafkin faɗi gare shi kamar teku, ba a hangen ƙetarensa, amma ba shi da zurfi. Shi ya sa fushinsa ba ya sallama, kuma daga wannan kusurwar yake fitowa.

Matarsa Sigga 'yar masunta ce daga can ƙetaren tafkin. Ita ke dafa abinci a gidan kula da tsofaffi na garin. Shekara da shekaru tana bin sa gaɓa, ta zauna a bayan akori-kura da fulas ɗin kofi da zaren saƙa, ido ɗaya a kan 'ya'yansu mata biyu, ɗaya a kan filafilinsa. Da autarsu ta tafi birnin Calgary aiki, wata safiya Sigga ta ajiye saƙar ta ce, "Direba, koya min."

Ya yi dariya har da tari. Amma ya koya mata, da tsawa, irin ta wanda ya saba da yara. Ta yi shekara biyu tana faɗuwa, tana fitowa da ciyawar ruwa a gashi, yana ba da labarinta a wurin shan kofi ana shewa. Wancan lokacin ya fi kowane daɗi a aurensu, in ka tambayi Orest. A shekara ta uku ta daina faɗuwa. A ta biyar, ranar wata Lahadi, ya ji ƙarar allo a bayansa, ya waiga, jan filafilinta ya wuce shi ta gefen da iska ke fitowa, ta ko ɗaga masa hannu. Ya ɗaga mata. Da suka koma gida ya ce miyar ta yi gishiri.

Gaɓar ma ta sauya. Tsofaffin abokansa masu tumbi irin nasa sun fara janyewa, wannan gwiwa, wancan zuciya. Sababbin zuwa yawanci mata ne da samari marasa nauyi, kuma lambar da ta ɗauki mutum irin Orest ba ita ce za ta yi wa mai rabin nauyinsa ba. Da can sukan rage ɗaya ko ɗaya da rabi daga abin da ya ɗaga, su yi maneji. Bana sai suka gano hanya mafi sauƙi: su dubi abin da Sigga ta ɗaura. Ga kafaɗarsa ta dama ta fara yi masa gardama, kafin ya gama jan igiya ita ta riga ta shiga ruwa. Ba sau ɗaya ba ya dawo ya ɗaga yatsunsa ya tarar rabin gaɓar sun ba shi baya.

Lorne, tsohon ma'aikacin gidan waya, abokinsa tun suna yara, ba ya barin irin wannan ta wuce.

"Zakara, wai ni kam, a gidanku wa ke cara yanzu?"

"Je ka nemi haƙoranka, Lorne, na gan su a cikin yashi."

"A'a, tambaya na yi. Mu dai da asuba muryar kaza muke ji."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma abin ya tsaya masa a rai. Da mai gidan burodin da suke shan kofi ya manna hoton Sigga a bango, allonta a sama babu abin da ya taɓa ruwa, Orest ya sauya kujera, ya koma shan kofinsa yana fuskantar ƙofar bayi. Shekara talatin yana hawa wannan tafki, babu wanda ya taɓa manna hotonsa ko a jikin firji.

Asabar ta ƙarshe a Satumba ya tashi tun kafin ta tashi. Rediyo ta ce iskar kudu ce matsakaiciya, za ta juya arewa maso yamma da ƙarfi, amma sai can da yamma. Ya loda kaya shi kaɗai, ya shafa man zafi a kafaɗa a ɓoye a cikin gareji. Da suka isa gaɓa bai tsaya gaisuwa ba. Ya ɗaura bakwai, ya saka rigar roba, ya shiga. Ganyen bishiyoyi duk ya yi rawaya, ruwan ya yi sanyin da ke sa haƙori ciwo, amma iskar tana da ɗumi, tana zuwa a hankali ba yankewa. Allon ya ɗaga hanci ya tashi bisa fuskar ruwa. Ya je ya dawo. Bakwai daidai gare shi. Mai nauyin Sigga kuwa, shida, ko biyar da rabi in tana son wahala.

Ya tsaya a ruwa ya ɗaga yatsu bakwai. Lorne da maza biyu suka nufi motocinsu. Sauran suka juya suna neman Sigga da ido.

Tana zaune a bayan akori-kura, ko buhun filafili ba ta kwance ba. Ta sauko, ta tako har bakin ruwa, ta ɗaga murya yadda na can wajen bishiyoyi ma zai ji.

"Zakara! Ni fa nawa zan ɗaura?"

Rabon da ta tambaye shi tun bara.  Da mai hankali ne a wannan lokacin da ya ji daɗi. Shi abin da ya gani daban: ya ga Bev, ma'aikaciyar jinya mai ƙaramin jiki, tsaye da igiya a hannu tana jiran amsar ba don daga bakinsa za ta fito ba, sai don Sigga ce za ta ɗaura. Ya ga kamar sadaka matarsa ke ba shi a gaban jama'a. Ya hango yadda ranar za ta kasance in ya ce shida: jan filafilin nan yana tsere masa daga safe har la'asar, mai burodi ya ƙara hoto.

"Huɗu," ya ce.

Sigga ta dubi ruwa. Ta dubi saman bishiyoyi. Ta dube shi.

"Huɗu?"

"Kin tambaya, na faɗa."

"To. Huɗu."

Bev ta matso. "Sigga, anya? Wannan iskar ko hular kaina ba za ta cire ba."

"Zakara ya ce huɗu."

"Ai sai mu yi ta iyo."

"Ke ɗaura abin da kika ga dama. Ni huɗu zan ɗaura."

Bev ta yi tsaki, ta ɗauko huɗu ita ma. Wasu samari biyu suka bi su.

Abin da ya biyo baya, Orest ya daɗe bai ji daɗi irinsa ba, kuma ya san bai kamata ba. Ya rataya ƙugiyar ɗamararsa a igiyar mariƙi, ya kwanta baya, allon yana ta'-ta'-ta' a kan ƙananan igiyoyin ruwa. Can kusa da gaɓa kuwa, jan filafili yana tsaye, allon ya nutse rabi, Sigga tana fizgar mariƙi tana neman iskar da za ta ɗaga ta, ba ta samu. Ya bi ta gefenta ya watsa mata ruwa.

"'Yar masunta! Koma kika jefa ne?"

 Bev ce ta aiko masa da zagin da ba ya maimaituwa. Ya juya, ya sake wucewa ta gabansu, ya yi irin juyin da ya yi shekaru bai gwada ba, ya fito lafiya. Ya waiga ya ga ko ta gani. Daga nan ya miƙe tsakiyar tafki, nesa fiye da yadda ya saba, don a gaɓa a ce kai, dubi Zakara. Duk juyin da ya yi, idonsa jan filafilin yake nema. Yana nan? Ya tashi? Bai tashi ba. Madalla.

Wajen azahar ya hango ta tana ɗaga hannu, tana kaɗawa da ƙarfi. Ya ce a ransa, yauwa, ta gaji, so take in zo in ce ta fita ta sauya. Sai ta jira. Ya sake juyawa waje.

Iskar ta mutu kamar an rufe ƙofa.

Allon ya rage gudu ya zauna. Filafilin ya yi nauyi a hannunsa. Ruwan ya kwanta, ya yi sheƙi irin na dalma, har yana jin kukan agwagin daji can sama. Sai wani sanyi ya shafi ƙeyarsa, ta inda ba a tsammani. A lokacin Orest ya yi abin da ya yi shekara talatin yana cusa wa mutane, wanda yau tun safe bai yi ba ko sau ɗaya. Ya dubi arewa maso yamma.

Hadari ne baƙi ƙirin, ya tokare sama da ƙasa. A gindinsa wani farin layi ya shimfiɗu a kan ruwa daga wannan gefe zuwa wancan, yana tahowa. Ba a taru aka yi shi yanzu ba. Ya daɗe yana hawa, a bayan mutumin da idonsa ke wani wuri.

"Kai, rediyo, ai yamma kika ce," ya faɗa a fili, kamar da wanda zai ba shi haƙuri.

Ya juya hancin allo gaɓa. Can nesa ya hango su Lorne sun riga sun fita suna jan kayansu kan yashi. Bai yi rabin hanya ba iskar ta iso. Bugun farko ya riƙe. Ya durƙusa, ya saki hannun baya, filafilin yana kaɗawa yana ƙara kamar ana yaga zane. Bugu na biyu ya cika bakwai ɗin nan tam, ya fizge shi ta ƙugiya, ya ga sama, ya ga ruwa, ya faɗa kan sandar da kafaɗar dama. Wani farin haske ya gilma masa a ido. Da ya ɗago, tafkin da ya sani ya tafi, wani ya zo: ruwa mai launin kunu, igiyoyi gajeru masu tsayi suna bin juna babu tazara, iska tana yanke kawunansu tana watsa masa a fuska kamar tsakuwa.

Ya gwada ɗaga filafilin don iska ta ɗora shi kan allo, sai ta wurgar da shi ta ɗaya gefen. Ya sake, hannun ya ƙi. Daga nan ya haƙura. Ya rungumi allon da hannun hagu, ya bar igiyoyi su kai shi inda za su kai shi. Wajen gaɓa iskar take turawa, ba zai ɓata ba, ya sani. Amma kudu za ta kai shi, can cikin fadamar ciyayi, nesa da motoci.

Yana cikin haka ya ji ƙarar da ya sani.

Jan filafili ne, lamba huɗu, cike da iska daidai wa daida kamar don ita aka auna. Sigga ta taho a kwance a jikin ɗamara, gashinta mai furfura ya fita daga hula, allon yana taka kan igiyoyi. Ta hau wata ta tashi sama, ya ga ƙasan allon gaba ɗaya, ta sauko ba ta ko girgiza ba. Can baya ga Bev tana ihu irin na wadda ta ci caca. Ƙaryarsa ta zama gaskiya. Hassada ga mai rabo taki, shi kuwa yau da hannunsa ya kai takin gona.

Ta rage gudu kusa da shi. "Direba! Ka ji ciwo?"

"Tafi!"

"Kafaɗar ce?"

"Na ce tafi, hutawa nake!"

Ta tafi, amma ba ta yi nisa ba. Ta juya ta dawo ta gefensa, ta wuce, ta sake juyowa. Haka ta yi ta kai da komowa tsakaninsa da tsakiyar tafki, tana gadinsa kamar kaza da ɗan tsako, kuma kowane juyi nata tsaf yake, babu tangarɗa. Orest yana shan ruwa yana tofarwa yana kallo. Da za ta faɗi sau ɗaya, sau ɗaya tak, da ya ji sauƙin kafaɗar. Ba ta faɗi ba. Sai da ta ga ƙafarsa ta taɓa ƙasa a cikin ciyayi sannan ta ɗaga hannu ta miƙe ta koma.

Gaɓar tana da wata al'adar. Wanda iska ta yar nesa da motoci, shi zai kwance kayansa ya ɗauko a ka har bakin titi, ba mai taya shi, tafiyar kunya ake ce mata. Kuma shi zai soya wa kowa kifi ranar, sanye da wata rigar girki mai furanni da ke rataye a motar Lorne. Orest ya ɗaura wa mutane da yawa rigar nan da hannunsa. Shi rabonsa da ita tun 'ya'yansa suna goye.

Ya naɗe filafilin da hannu ɗaya da haƙori. Ya ratsa taɓo iya cinya, allo a ka, iska tana neman ƙwace shi, ruwan sama ya sauko ya wuce. Da ya fito titin tsakuwa, akori-kurarsu tana tsaye injin a kunne. Sigga ba ta fito ba sai da ya ɗora ƙafa kan titi, kamar yadda al'ada ta ce. Suka loda kayan. A ciki ta miƙa masa murfin fulas da kofi, ta ƙara zafin mota, amma ba ta ja ba.

"Huɗu," ta ce.

Ya hura kofin.

"Ubana a tafkin nan ya tsufa yana jefa koma. Ni kuma na yi shekara ashirin a bayan motar nan ina kallon ruwa ba abin yi. Kana tsammani ban san iskar shida ba in na gan ta?"

"Ai ga shi ta zama ta huɗu."

"Kada ka fara, Orest."

In ta kira sunansa na yanka, magana ta ƙare. Ta ci gaba.

"Ka san tana zuwa da wuri?"

"Rediyo ta ce..."

"Ba rediyo na tambaya ba."

"Ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Tun kafin azahar nake ganin hadarin. Wanda aka dasa a ruwa kamar sanda me zai yi in ba kallon sama ba? Na yi ta ɗaga maka hannu."

"Na ɗauka..." Ya haɗiye sauran.

"Na san abin da ka ɗauka."

Iska tana jijjiga motar. Ya ce, murya ƙasa, "To in kin sani, me ya sa kika ɗaura?"

"Don a gaban mutane na tambaye ka. Kana ganin ban lura ba? Tun farkon bana kake yawo da fuska kamar an ci maka gado. Ka sauya kujera a gidan burodi. Miyata ta yi gishiri, ta yi lami, ta yi duk abin da miya ke yi. Na ce bari yau in jira shi ya fara shiga, in tambaye shi da ƙarfi kowa ya ji, su tuna wa ake tambaya a gaɓar nan. In na tambaya kuma na ƙi bi, ai gara ban tambaya ba." Ta kama sitiyari. "Sai ka dube ni cikin ido ka ce huɗu."

Ya so ya ce wani abu. Abin da ya fito shi ne, "Za ki gaya musu?"

Ta dube shi tsawon lokaci, irin kallon da take yi wa tsohon da ya ɓoye magani a ƙarƙashin harshe.

"Abin da ya dame ka ke nan. A'a, ba zan faɗa ba. Riƙe sarautarka, ni ban taɓa so ba, wa ke son ya fara shiga ruwan sanyi? Amma ni ba zan sake tambayarka ba."

Ta ja mota.

Tun kafin su tsaya aka fara tafi. An kunna murhu a bayan motar Lorne inda iska ba ta kai, ga kifi an fere, ga garin shafawa, wani ya kawo tukunyar perogi, dafaffen ƙullun fulawa mai dankali a ciki, da albasa. Lorne ya taho da rigar furanni a hannu biyu kamar mai naɗin sarauta.

"Jama'a, ku ba shi hanya! Munafuki ya iso!"

Orest ya ɗauka asirinsa ya tonu.

"Mu ka ɗaga mana bakwai, muka ɗaura, muka yi ta kwancewa a cikin ruwan sama kamar wawaye. Matarka kuwa ka ba ta lambar gaskiya! Tun safe ka san abin nan zai zo da wuri, ka rufe bakinka. Abota ta shekara hamsin, ashe mata ta fi!"

"Ni na zage shi," in ji Bev, tana tsane gashi da tawul. "Wallahi na zage shi har kakansa. Zakara, ka yafe min. Tunda nake ban taɓa hawa irin na yau ba. Yaya aka yi ka sani?"

"Ƙashinsa ne ke gaya masa," wani ya ce.

"To shi me ya kai shi tsakiya da bakwai?" wani saurayi ya tambaya.

"Yaro man kaza," in ji Lorne. "Zakara ba ya fita sai ya ga ta iso da idonsa. Aikinsa ke nan. Kai dai in ya ɗaga yatsu ka bi, in ya raɗa wa matarsa kuma ka kasa kunne."

Orest ya tsaya hannu a sake, Lorne yana ɗaure masa igiyar rigar a baya. Ya nemi Sigga da ido. Tana can tana naɗe jan filafilinta a kan ciyawa, a hankali, ta ba su baya. Kalma ɗaya za ta wadatar, daga bakinta ko daga nasa. Ya buɗe baki. Duk fuskokin nan suna kallonsa yadda suka daina kallonsa tun farkon bana.

"Mai ya yi zafi?" ya ce. "Ku miƙo kifin."

Ya soya da hannun hagu. An ce ba a taɓa cin mai daɗinsa ba.

Asabar ta gaba sanyi ya sauko sosai, kowa ya san ita ce ta rufe shekara, amma motoci sun fi na kullum, labari ya zaga. Kafaɗar ta ɗan saki. Yana fitowa daga mota aka yi masa caa.

"Zakara, nawa?"

"Zakara, ta yanzu muke so da ta anjima!"

Ya ɗaura shida ya shiga. Iskar yamma ce, tana zuwa tana yankewa, irin wadda ba ta da alƙibla. Ya juya, ya dubi arewa maso yamma, ya sake duba, har wuyansa ya gaji. Gajimare ne fari-fari, ba su ce komai ba. A da, da tuni ya san amsa tun kafin ƙafarsa ta jiƙe. Yau ya dawo ya tsaya a ruwa iya gwiwa, mutum wajen ashirin sun zuba masa ido, mata da samari har da Bev, kowa da igiya a hannu. Abin da ya yi shekara yana nema ke nan, an kawo masa har gida.

Mutum ɗaya ce ba ta cikin masu kallon. Sigga tana can ƙarshen yashi ita kaɗai. Ta tsaya ta dubi sama, ta ɗebi yashi ta saki ta ga inda ya bi, ta koma mota ta jawo buhu ɗaya ba tare da ta waiwayo ba. Ta shimfiɗa, ta zura sanda, ta taka ta ja igiya. 

"Zakara, sanyi fa muke ji!" in ji Lorne.

Orest ya yi kamar yana gyara ɗamara. Ya ɗan karkata kai, ya ƙanƙance ido yana neman lambar da ke jikin filafilinta. Biyar.  Ya ƙara ɗaya da rabi a ransa saboda tumbi, ya ɗaga yatsu shida, ya lanƙwasa na bakwai alamar rabi.